Napoli da Osimhen: Musun da ya ƙi ƙarewa a gidajen kallon ƙwallo

A ƙarshen watan Yulin 2025 ƙungiyar Galatasaray ta ƙasar Turkiyya ta sanar da cewa ta sayi Victor Osimhen daga Napoli a kan Yuro miliyan 75, kuɗin da babu wata ƙungiyar Turkiyya da ta taɓa biya a kan ɗan wasa guda. Da wannan ciniki aka rufe babin shekara biyar tsakanin ɗan wasan gaban na Super Eagles da ƙungiyar ta Italiya. A takarda magana ta ƙare. Amma a gidajen kallon ƙwallo da teburin mai shayi da ɗakunan kwanan ɗalibai, har yau ba mu gama musu a kanta ba.

Mun kasu gida biyu. Wasunmu na ganin Napoli ta yi butulci, ta wulaƙanta mutumin da ya kawo mata kofin da ta shekara 33 tana nema. Wasu kuma na cewa ƙungiya ta fi ƙarfin ɗan wasa kowane ne shi, kuma ga shi Napoli ta sake lashe gasar Serie A bayan tafiyarsa. Kafin 2020 da wuya ka ga mai sanye da rigar Napoli a unguwanninmu, don mafi yawanmu 'yan Barcelona ne ko Madrid ko ƙungiyoyin Ingila. Osimhen ne ya ja mu can. To tunda mun shiga musun, ya kamata mu san tarihin da ke bayansa, domin hutun kakar wasa uku a jere da Napoli ta yi, daga 2022 zuwa 2024, ya ƙunshi kusan duk abin da magoya baya ke faɗa a kai idan aka buɗe kasuwar 'yan wasa.

Mai ƙungiyar da ba ya tsoron sayarwa

Mai Napoli shi ne Aurelio De Laurentiis, wani attajiri mai shirya fina-finai. Ya karɓi ƙungiyar a 2004 bayan ta tsiyace bashi ya cinye ta, aka jefa ta rukuni na uku na gasar Italiya. A 2007 ta dawo Serie A. Tun daga nan mutumin ya yi suna wajen abu biyu: riƙe lalitar ƙungiya da ƙarfi, da kuma sayar da tauraro idan farashinsa ya kai ƙololuwa.

A 2013 ya sayar da Edinson Cavani ga PSG, ya kawo Gonzalo Higuain daga Real Madrid. Higuain ya ci ƙwallo 36 a gasar lig a kakar 2015/2016, sai Juventus, babbar abokiyar gabar Napoli, ta biya Yuro miliyan 90 da aka rubuta a kwantaraginsa ta ɗauke shi. Magoya baya sun ƙona rigunansa a tituna. Wanda ya cike gurbin kuwa yana cikin gida tun farko: Dries Mertens, ɗan wasan gefe da aka mayar tsakiya, wanda daga baya ya zama wanda ya fi kowa ci wa Napoli ƙwallo a tarihi, guda 148.

2022: An sayar da taurari, an ɗauki kofi

A bazarar 2022 aka yi ficewar da ta fi tayar da hankali. Kyaftin Lorenzo Insigne, haifaffen yankin, ya tafi Toronto a Kanada bayan kwantaraginsa ya ƙare. Mertens ma nasa ya ƙare, ya nufi Galatasaray. Kalidou Koulibaly, ɗan Senegal da ya shekara takwas yana tsare bayan ƙungiyar, ya koma Chelsea. Fabian Ruiz ya tafi PSG, mai tsaron raga David Ospina ya tafi Al-Nassr a Saudiyya. Cikin 'yan makonni aka kwashe kusan duk fuskokin da jama'a suka saba da su.

Magoya baya sun fusata har suka fito da wani take: A16. Wannan sunan babbar hanyar da ke fita daga birnin Napoli ta nufi ɓangaren Bari ne, inda iyalan De Laurentiis ke da wata ƙungiyar ƙwallo. Ma'anar taken a fili take, wato ya kama hanya ya bar musu ƙungiyarsu.

Su wa aka kawo? Khvicha Kvaratskhelia, yaro ɗan shekara 21 daga ƙungiyar Dinamo Batumi ta ƙasar Jojiya, wanda mutane da yawa ko sunansa ba su iya faɗa ba. Sai Kim Min-jae, ɗan Koriya ta Kudu daga Fenerbahce, don ya maye gurbin Koulibaly. Kuɗin su biyun a haɗe bai kai abin da Chelsea ta biya a kan Koulibaly ba.

Abin da ya biyo baya muna tuna shi. A watan Satumba Napoli ta lallasa Liverpool da ci 4-1 a Gasar Zakarun Turai, daga bisani ta je har gidan Ajax ta zura mata 6-1. Ranar 4 ga Mayun 2023 a filin Udinese, Osimhen ya ci ƙwallon da aka tashi 1-1, Napoli ta zama zakara saura wasa biyar a kammala gasa. Rabonta da kofin tun 1990, zamanin Diego Maradona. Ta gama da maki 90. An zaɓi Kvaratskhelia gwarzon gasar, Kim ya zama gwarzon masu tsaron baya, Osimhen ya ɗauki takalmin zinare da ƙwallo 26, ɗan Afirka na farko da ya yi haka a Serie A. A watan Disamba aka ba shi kyautar gwarzon ɗan ƙwallon Afirka, wadda rabon ɗan Najeriya da ita tun Nwankwo Kanu a 1999.

2023: An riƙe taurari, an rasa komai

Wannan ne ɓangaren da aka fi tsallakewa a musunmu. Bayan ɗaukar kofi, Napoli ta riƙe Osimhen, ta riƙe Kvaratskhelia. A manyan 'yan wasa, Kim kaɗai ya tafi, bayan Bayern Munich ta biya kuɗin da ke kwantaraginsa. Duk wanda ke auna kasuwa da sunayen masu fita zai ce ƙungiyar ta tsira.

Sai dai mutum biyu da ba sa taka leda sun fice. Koci Luciano Spalletti ya ajiye aiki, daga baya ya karɓi tawagar ƙasar Italiya. Cristiano Giuntoli, daraktan da ke zaƙulo 'yan wasa, wanda a zamaninsa aka sayi Osimhen da Kvaratskhelia da Kim, ya koma Juventus. Ba a ƙona riga saboda su ba, amma a nan gizo ke saƙar.

Napoli ta yi koci uku a kaka ɗaya. An sallami Rudi Garcia a Nuwamba, an sallami Walter Mazzarri a Fabrairu, Francesco Calzona ya ƙarasa. Ƙungiyar da ta yi maki 90 ta dawo 53, ta gama a mataki na goma, ba ta samu gurbin kowace gasar Turai ba. Osimhen yana nan, ya ci ƙwallo 15 a lig duk da rauni da tafiya Gasar Kofin Afirka, amma bai hana jirgin nutsewa ba.

A wannan kakar ce kuma aka yi abin da ya ɓata ran 'yan Najeriya. A Satumbar 2023, bayan Osimhen ya zubar da fenareti a wasa da Bologna, shafin ƙungiyar na TikTok ya saki wani bidiyo yana yi masa ba'a. An goge bidiyon, wakilinsa Roberto Calenda ya yi barazanar zuwa kotu, shi kuma ya cire hotunansa da rigar Napoli daga shafinsa na Instagram. A Disamba ya sabunta kwantaragi zuwa 2026, tare da sharaɗin cewa duk mai son sa zai biya kuɗin da ya haura Yuro miliyan 100. Kowa ya fahimci cewa shirin rabuwa ake yi.

2024: Daren da ciniki ya wargaje

A watan Yunin 2024 De Laurentiis ya ɗauko Antonio Conte, kocin da ya lashe lig da Juventus da Chelsea da Inter Milan. Conte na son Romelu Lukaku, wanda suka ɗauki kofi tare a Inter a 2021. Lissafin shi ne a sayar da Osimhen a kan kuɗi mai tsoka, a gina sabuwar ƙungiya. Matsalar ita ce babu wanda ya zo da kuɗin da aka rubuta.

Wasan farko na Conte a lig, Verona ta ci Napoli 3-0 babu Osimhen a fili. Masu cewa an yi kuskure suka samu abin faɗa. Ranar 30 ga Agusta, ranar rufe kasuwa, da yawanmu mun raba dare muna duba waya, ana ta maganar Chelsea da Al-Ahli ta Saudiyya. Duka biyun suka wargaje, Al-Ahli ta sayi Ivan Toney. Napoli ta cire sunan Osimhen daga jerin 'yan wasanta na lig. Gwarzon Afirka mai shekara 25 ya wayi gari ba shi da inda zai buga ƙwallo. Abin da ya cece shi shi ne kasuwar Turkiyya ba ta rufe ba tukuna, ya tafi Galatasaray a matsayin aro, inda ya tarar da Mertens.

Napoli kuwa ta kawo Lukaku daga Chelsea, Scott McTominay daga Manchester United, Billy Gilmour, David Neres da Alessandro Buongiorno. A Janairun 2025 ta ƙara sayar da Kvaratskhelia ga PSG ana tsakiyar neman kofi. Ranar 23 ga Mayu ta doke Cagliari 2-0, McTominay da Lukaku suka ci, ta lashe gasar da maki 82, Inter na biye da 81. McTominay, wanda United ta ga za ta iya rayuwa babu shi, ya zama gwarzon Serie A.

A can Istanbul, Osimhen ya ci ƙwallo 26 a lig, ya fi kowa, ya ɗauki kofin lig da kofin Turkiyya. Kvaratskhelia ya ɗaga kofin Zakarun Turai da PSG, har ya ci ƙwallo a wasan ƙarshe da suka yi wa Inter 5-0. Wato a wata guda, wadda ta sayar da waɗanda aka sayar duk sun yi biki.

Wa ke da gaskiya?

Masu kare Napoli suna da hujja mai ƙarfi. Sau biyu ta rabu da taurarinta ta ɗauki kofi, sau ɗaya ta riƙe su ta faɗi warwas. Kuma akwai lissafin da mai ƙungiya ke yi wanda mu 'yan kallo ba ma yi. Tun hukuncin Bosman na 1995, ɗan wasan da kwantaraginsa ya ƙare yana tafiya kyauta. Koulibaly na da shekara 31 da saura shekara ɗaya a kwantaragi lokacin da aka sayar da shi. Da an riƙe shi don faranta wa jama'a, da bayan wata goma sha biyu ya fita ko sisi ba a samu ba. Mertens na da shekara 35, Insigne 31, kuma suna cikin masu manyan albashi.

Amma masu kare Osimhen ba soyayya kawai ke ɗibar su ba. Sayar da ɗan wasa daban, yadda aka rabu da shi daban. Ƙungiyar da ta yi wa ma'aikacinta ba'a a bainar jama'a, ta ɗora masa farashin da kasuwa ba ta iya biya, sannan ta ajiye shi gefe, ba za ta wanke kanta da kofi ba. Ko ta fuskar kuɗi, an nemi sama da miliyan 100, aka ƙare a 75 bayan shekara guda ana jan igiya. Sannan kofin 2025 da maki ɗaya aka ɗauke shi, a kakar da Napoli ba ta buga gasar Turai, tana hutawa yayin da Inter ke fafatawa har wasan ƙarshe na Zakarun Turai. Da maki ɗayan nan ya juya, da labarin da ake bayarwa yau wani ne daban.

Akwai kuma ɓangare na uku da ke cewa shi Osimhen ya rage wa kansa daraja da zuwa Turkiyya maimakon Ingila ko Sifaniya. Wannan musu ne na wata ranar, kodayake ɗan wasan da ya tashi yana tallar ruwa a titunan Legas yana da 'yancin duba albashi da inda ake girmama shi kafin ya duba abin da zai yi mana daɗin kallo.

Abin da za mu riƙa tambaya

Duk bazara labarin ɗaya ne, sunan ƙungiya kawai ke canjawa. An sayar da wane, magoya baya sun ce an kashe ƙungiya. An sayo wane, an ce kofi ya zo gida tun ba a buga wasa ba. Tarihin Napoli na nuna cewa akwai tambayoyin da suka fi “wa ya tafi?” amfani. Shekarar ɗan wasan nawa, kuma saura wata nawa a kwantaraginsa? Wane ne koci, kuma shi ya nemi waɗanda aka kawo ko an ɗora masa su ne? Mai zaƙulo 'yan wasan yana nan ko ya tafi? Kuɗin da aka samu, an zuba su a fili ko sun shige aljihu?

Tambayoyin nan sun shafi ƙungiyoyinmu na gida, inda ake yawan sallamar 'yan wasa da koci a tashi ɗaya idan kaka ta ƙare, a tara sababbi a fara daga farko. Mai goyon bayan Kano Pillars ko Katsina United ko Wikki Tourists yana da damar tambayar shugabanni wane tsari suke bi, kamar yadda mutanen Napoli ke tambayar nasu.

A bazarar 2025 Napoli ta ɗauko Kevin De Bruyne kyauta yana da shekara 33, bayan Manchester City ta ƙi sabunta masa kwantaragi. Ƙungiyar da ta saki Mertens saboda shekaru ta buɗe ƙofa ga wani ɗan Beljiyam da ya manyanta. Nan take sabon musu ya tashi a gidajen kallo, kuma waɗanda suka fi ɗaga murya su ne dai waɗanda ba su gama na Osimhen ba.