Kyamarar Maɗaba'a da Rubutun Ajami

Kafin zuwan kwamfuta, akwai wata na'ura a maɗaba'u wadda ta taimaka ƙwarai wajen yaɗa littattafan Larabci da na ajami a ƙasar Hausa, watau babbar kyamarar ɗab'i. Ita ba irin ta masu ɗaukar hoto ba ce. Wata takan kai tsawon ɗaki, tana da allo mai gilashi inda ake shimfiɗa takardar da za a ɗauka, da fitilu masu ƙarfi a gefe biyu, da jiki mai naɗewa kamar zugazugin maƙeri. Bayanta kuwa a ɗakin duhu yake, inda ake sa fim.

Amfaninta ga ajami a fili yake. Almajiran ƙasar nan sun saba da rubutun hannu irin na allo, ba su cika sakin jiki da baƙaƙen ƙarfe na ƙasashen Gabas ba. Saboda haka sai marubuci ya zauna ya kwafe littafi da alƙalaminsa, a kai maɗaba'a, a ɗauki hoton kowane shafi. Da haka hannun mutum ɗaya ya shiga dubban gidaje. Littattafan da ake sayarwa a Kasuwar Kurmi ta Kano da yawansu ta wannan hanya aka buga su.

Aikin yana bukatar natsuwa. Mai kyamara yakan matsar da idonta gaba ko baya don ya ƙara girman shafi ko ya rage shi. Sa'an nan ya wanke fim ɗin a ƙarƙashin jar fitila, domin irin wannan fim ba ya ganin jan haske. Idan ya bushe, sai a ɗora shi bisa tebur mai haske, a bi da ɗan buroshi ana toshe ƙananan ɗigogin da ƙura ta bari. Daga nan a haska shi a kan farantin alminiyam, a ɗaura farantin a inji.

A nan ne haɗarin yake. A ajami ɗigo ɗaya ne ke raba ba da nun, don haka mai toshe ƙura in ya yi sakaci sai ya shafe ɗigon harafi, ma'ana ta sauya. Har ila yau, tun da fim ɗin ba ya ganin ja, jan wasalin da malamai ke yi yakan fito baƙi. In ana son ja ya fito ja, sai an yi masa farantinsa dabam, takarda ta sha tawada sau biyu, a kuma tabbata kowane wasali ya sauka daidai kan harafinsa.

Daga 1985, lokacin da aka fara tsara shafi a kan ƙaramar kwamfuta a Amurka, sai kyamarar ta soma ja da baya, har aka jingine ta. Amma littattafan da ta haifar suna nan a hannun almajirai, kuma masu nazarin tarihin rubutu suna gane hannun marubutan da a cikinsu.