Gwandara: Harshen da ya ɓalle daga Hausa, kamar yadda Afirkans ya ɓalle daga Holanci

Duk wanda ya ratsa ƙauyukan Miga da Auyo a bakin kogin Haɗejiya, Hausa zai ji a gona da kasuwa, sai Fulatanci a rugage. Amma Auyo ta taɓa samun harshenta na kanta, ɗan uwan Bade da Ngizim, kuma yau babu mai magana da shi. Hausa ta haɗiye shi, kamar yadda ta haɗiye na Shira da na Teshena.

Sai dai Hausar nan mai haɗiye harsuna ita ma ta haifi ɗa. Sunansa Gwandara, ana jin sa a Karshi da wasu garuruwan jihar Nasarawa da Abuja, kuma masana sun ce duk duniya babu harshen da ya kai shi kusanci da Hausa.

Tarihin baka ya ce kakannin Gwandarawa sun bar Kano ne a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) don ba su yarda su bar addinin gargajiya ba, har aka ce sunan nasu daga “gwanda rawa da salla” ya samo asali. Labarin na da daɗin ji, ko da yake Gwandarawa da yawa a yau Musulmi ne. Abin da ba a jayayya a kai shi ne harshen. A karin Nimbia ana ƙirga bi, ugu, furu, biyar, shide, Bahaushe na ji zai gane. Can gaba ne hanya ke rabuwa, domin sha biyu-sha biyu suke ƙidaya, ba goma-goma ba. Bambancin namiji da mace a nahawu, wanda Bakano ke yi wa baƙo dariya idan ya kuskure, shi ma ya zube a hanya.

Irin haka ta faru a Afirka ta Kudu. A 1652 Jan van Riebeeck ya kafa wa kamfanin cinikin Holan zango a Kef. Holanci ya cakuɗu a bakin mutanen Khoikhoi da bayin da aka kwaso daga Indonesiya, Indiya, Madagaska da Mozambik, har aka samu Afirkans. Mafi yawan kalmominsa na Holanci ne, amma ya yar da jinsin suna, ya ari kalmomi irin su piesang, wato ayaba, daga harshen Malay. An daɗe ana raina shi da sunan “Holancin kicin”. Abin da zai ba mai karatun ajami mamaki: Musulmin Kef na cikin waɗanda suka fara rubuta shi, da haruffan Larabci kuwa. A 1877 aka buga Bayanuddin na Abubakar Effendi a Istanbul da wannan rubutu. A 1925 Afirkans ya zama harshen hukuma.

Gwandara bai samu wannan gata ba. Ɗaya daga cikin manyan ayyukan da aka yi a kansa wani Bajapane ne, Shuji Matsushita, ya wallafa shi a Tokyo a 1972. Holanci na can nesa da ɗansa, teku ya raba su. Gwandara kuwa uwarsa na bakin ƙofa, a rediyo da kasuwa da masallaci, kuma yara da dama a garuruwan Gwandarawa da Hausa suke tashi.