SIRRIN JIN DAƊIN AIKI: DARASI DAGA MASANA'ANTUN SHARAƊA DA CALAWA DA BOMPAI

Duk wanda ya taɓa bi ta unguwar masana'antu ta Sharaɗa da sassafe, sa'ad da masu aikin dare ke fitowa, masu aikin safe kuma suna shiga, zai lura cewa ba da fuska iri ɗaya ma'aikatan ke fitowa ba. Gajiya dai kowa ya gaji. Amma akwai mai fitowa yana jan ƙafa kamar wanda aka sako daga kurkuku, akwai kuma mai fitowa yana mamakin yadda gari ya waye bai ankara ba. Inji iri ɗaya suka tsaya a kai, awoyinsu ɗaya, watakila albashinsu ma ɗaya. Na farko ya kwana yana duban agogo, na biyu kuwa aikin ne ya tafi da hankalinsa har ya manta akwai agogo a bango.

Wannan bambanci shi ne masana halayyar ɗan Adam suka yi kimanin shekara 50 suna bincike a kansa, kuma abin da suka gano ya shafi akawun da ke zaune a sakatariya da ɗalibin da ke shirin jarrabawa kamar yadda ya shafi mai lura da inji.

MAFARIN BINCIKEN

Wanda ya fi shahara a wannan fanni shi ne Farfesa Mihaly Csikszentmihalyi, mutumin ƙasar Hangari, wanda aka haifa cikin 1934, ya ƙaura zuwa Amurka cikin 1956, ya yi karatu kuma ya koyar a Jami'ar Shikago, ya rasu cikin 2021. Ya fara ne da lura da masu zane. Ya ga mai zane kan manta da ci da barci muddin zanen na tafiya daidai, amma da zarar ya gama sai ya jingine shi a bango bai ƙara bi ta kansa ba. Watau a cikin yin aikin ne daɗin yake. Daga nan ya shiga tambayar masu hawan duwatsu da 'yan wasan dara irin ta Turawa da likitocin fiɗa da masu tsara kiɗa, sai ya tarar dukkansu siffa ɗaya suke ba abin: hankali kan tattaru wuri guda, mutum ya daina tunanin kansa da matsalolinsa, hannu ya riƙa tafiya kamar ba shi ke sarrafa shi ba, lokaci kuma ya wuce ba a sani ba. Ya laƙaba wa wannan hali kalmar Turanci mai nufin gudanar ruwa, ya bayyana shi cikin littafinsa na 1975, sa'an nan ya faɗaɗa bayanin cikin wani na 1990. A Hausa ana iya ce masa nutsewa cikin aiki.

Farfesan ya nuna cewa nutsewar nan tana da sharuɗɗa guda uku. Na ɗaya, mutum ya san takamaimai abin da yake nema ya yi a kowane mataki. Na biyu, aikin ya riƙa nuna masa nan take ko ya yi daidai ko ya kuskure. Na uku kuwa, wahalar aikin ta yi daidai da gwanintarsa, ko ta ɗan ɗara kaɗan. In aiki ya fi ƙarfin mutum sai fargaba ta kama shi, in kuwa ya yi masa sauƙi da yawa sai ya gundura.

Wani abin lura shi ne, yayin da mutum ke tsakiyar nutsewa ba ya jin farin ciki, domin hankalinsa ba shi da sararin tsayawa ya duba halin zuciyarsa. Sai ya ɗago kai ya ga abin da ya yi, sa'an nan gamsuwa ta sauko masa. Irin wannan gamsuwa ce ke taruwa yau da gobe har mutum ya ce yana jin daɗin rayuwarsa.

A BAKIN INJI DA BAKIN MARINA

Mutanen Kano ba baƙi ba ne ga wannan hali. A masaƙa ta zamani, ma'aikaci ɗaya kan lura da injuna da dama a lokaci guda. Kunnensa ya saba da ƙararsu, har yakan gane wanda zarensa ya tsinke tun kafin ya waiwaya, ya ƙulla, ya tayar, ya wuce na gaba. A majemun Calawa, mai tantance fata kan ɗaga ta ya duba, ya shafa, ya gane kaurinta da tabon ƙaya da yankan wuƙar mai fiɗa, ya jefa ta cikin tsibin da ya dace da darajarta cikin ƙiftawar ido. Duk sharuɗɗan nan uku suna nan: abin da ake nema a fili yake, kuskure na bayyana nan take, sa'an nan sai an yi shekaru kafin a gwanance.

Haka abin yake tun kafin zuwan inji. A marinar Ƙofar Mata, marini kan tsoma yadi cikin baba ya ɗago shi kore-kore, ya ba shi iska yana kallon yadda yake rikiɗa zuwa shuɗi, daga nan ya san ko zai sake tsomawa. Mabuga kuma kan zauna suna fuskantar juna, kowa na sauke mabuginsa a kan ƙa'ida, wanda hankalinsa ya tafi wani wuri kuwa nan da nan sautin bugun zai tona shi.

Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya iso Kano cikin 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da garin ke fitarwa kowace shekara sun kai na wuri miliyan 300. Abin da ya fi burge shi kuwa shi ne yadda ake saƙa da rini a gidaje da unguwanni, iyali na cin abinci da sana'ar ba tare da an tsinke su daga zaman gida ba. Da ya gwada wannan da manyan masana'antun Turai na zamaninsa, waɗanda a ganinsa suke ƙasƙantar da ɗan Adam, sai ya ce ya kamata a lissafa Kano cikin ƙasashen da suka fi ko'ina jin daɗi a duniya. Bayan kimanin shekara ɗari sai ga irin waɗannan masana'antu sun sauka a Bompai, daga baya kuma Sharaɗa da Calawa suka biyo, har aka riƙa lissafa Kano ta biyu bayan Ikko wajen masana'antu.

To, ashe inji ya kashe daɗin aiki ke nan? Binciken da aka yi ya nuna ba lalle ba ne. Cikin 1989, Farfesa Mihaly da abokiyar aikinsa Judith LeFevre suka buga sakamakon wani gwaji da suka yi da ma'aikata 78 a birnin Shikago, daga manajoji da akawuna har masu aikin hannu. Kowa aka ba shi 'yar na'ura mai ƙara, wadda kan yi kuka sau da dama a yini har tsawon mako guda, duk sa'ad da ta yi kuka sai ya rubuta abin da yake yi da yadda yake ji. Fiye da rabin lokutan da na'urar ta same su a wurin aiki, suna cikin halin nutsewa ne. A lokacin hutu kuwa, musamman gaban talabijin, abin bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Abin mamaki, duk da haka a wurin aiki sukan ce da ma wani abu dabam suke yi. Al'ada ta riga ta koya musu cewa aiki nauyi ne, har ba su yarda da shaidar da zuciyarsu ke ba su.

ABIN DA KE TSINKE HANKALIN MA'AIKACI

Ba kowane aiki ne ke ba da wannan dama ba, kuma ma'aikatan Kano sun san maƙiyanta ɗaya bayan ɗaya. Na farko shi ne ɗaukewar wutar lantarki. A masana'antar roba, inda ake yin bokiti da buta da takalma, in wuta ta ɗauke sai narkakkiyar robar ta daskare cikin inji, a yi ta jiran tayar da janareto da sake ɗumama shi. Ana lissafa asarar kaya da ta man dizal, amma ba a lissafa ta hankalin ma'aikaci wanda aka tsinke masa aiki sau uku kafin azahar. Na biyu shi ne aikin wucin gadi. Wanda bai san ko gobe za a buɗe masa ƙofa ba, rabin hankalinsa na bakin ƙofar. Na uku kuma shi ne a ajiye mutum shekara da shekaru a kan motsin hannu guda, ba ƙarin horo, ba canjin sashe, har gwanintarsa ta wuce aikin nesa ba kusa ba.

Mafi muni duka shi ne rufe masana'antar baki ɗaya. Daga 1986, lokacin da aka shigo da shirin gyaran tattalin arziki, darajar naira ta faɗi, kayan gyaran injuna suka yi tsada. Ga ƙarancin wuta, ga kuma atamfofi masu araha da suka riƙa kwararowa daga waje, musamman ƙasar Sin. Masana'antu da yawa a unguwannin nan uku suka rufe, masaƙu ne kan gaba, wasu gine-ginen kuma aka mai da su ɗakunan ajiyar kaya. Ma'aikata da dama suka koma acaɓa, da aka hana shi a Kano cikin 2013 kuma suka koma A Daidaita Sahu ko ƙananan saye da sayarwa.

An taɓa auna irin ɓarnar da wannan ke yi wa zuciya. A wani ƙauye mai suna Marienthal a ƙasar Ostiriya, masaƙar da kusan kowa ya dogara da ita ta rufe wajen 1930. Wasu masana uku, Marie Jahoda da Paul Lazarsfeld da Hans Zeisel, suka bi halin mutanen, suka buga rahotonsu cikin 1933. An zaci tunda lokaci ya samu za a duƙufa kan karatu da harkokin jama'a. Sai aka ga akasin haka: aron littattafai a laburaren ƙauyen ya ragu ƙwarai, ƙungiyoyi suka yi sanyi, maza suka koma tsayuwa a bakin titi, har saurin tafiyarsu ya ragu. Mata kuwa, da yake girki da wanki da reno sun ci gaba da tsara musu yini, ba su ɓata kamar mazan ba. Daga baya Jahoda ta bayyana cewa ban da albashi, aiki na ba mutum tsarin lokaci da abokan hulɗa da matsayi da abin da zai sa ƙarfinsa a kai. Wanda ya rasa aikin masaƙa a Bompai ya rasa waɗannan duka a rana ɗaya.

Amma fa kada a ɗauki wannan ya zama hujja ga mai masana'anta ya tauye haƙƙin leburansa da sunan ai yana jin daɗin aiki. Mai jin yunwa ba ya nutsewa, haka wanda ake bi kuɗin haya. Har wa yau, ba kowace nutsewa ce alheri ba, gama ɗan caca ma kan manta da lokaci, haka wanda ya kwana yana latsa waya. Sai dai mai sana'a kan ɗago kai da ƙarin gwaninta da abin nunawa, su kuwa su ɗago da aljihu wayam da ciwon kai.

GA MA'AIKACIN HUKUMA DA ƊALIBI

Aikin ofis ya fi na masana'anta ƙarancin sharuɗɗan nan. Akawu kan rubuta bayani a fayil ya tura, ba zai sake jin labarinsa ba sai bayan watanni, in ma ya ji. Hukumar Udoji, wadda ta miƙa rahotonta cikin 1974, ta ba da shawarar a riƙa gudanar da aikin gwamnati bisa manufa bayyananniya da sakamakon da za a iya aunawa, amma ƙarin albashinta kaɗai jama'a suka riƙe. Shugaban sashe da ya gaya wa na ƙasa da shi abin da ake so da ranar da ake so, ya duba aikin da wuri ya faɗi inda aka yi daidai da inda aka kauce, sa'an nan ya riƙa ƙara masa nauyi gwargwadon ƙwarewarsa, ya cika sharuɗɗan uku ba tare da kashe ko kwabo ba.

Ɗalibi kuwa babban abokin gabarsa na cikin aljihunsa. Cikin 2010 wasu masana biyu na Jami'ar Harvard, Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert, suka bi mutum 2,250 ta wayoyinsu, suka tarar kusan kashi 47 cikin 100 na lokutan da aka tambaye su, hankalinsu ba ya kan abin da suke yi, kuma a irin waɗannan lokuta sun fi ƙarancin farin ciki. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Wanda ya ajiye waya a wani ɗaki, ya yanka wa kansa babi guda, ya gwada amsa tambayoyi ya duba ko ya ci, ya kama hanyar da mai tantance fata ya bi har ya gwanance.

Ana ta maganar farfaɗo da masana'antun Kano, kuma galibi lissafin kan tsaya ne ga jari da haraji da yawan guraben aiki. Ya kamata hukumomi da masu masana'antu da ƙungiyoyin ƙwadago su haɗa da tambayar irin aikin da za a ba mutane: ko wuta za ta tsaya har a gama abin da aka fara, ko lebura zai sami takardar ɗauka ta dindindin, ko kuma akwai matakin da zai hau in hannunsa ya faɗa. A Sharaɗa da Calawa da Bompai har yanzu akwai tsofaffin gwanaye da suka san inji da kunne, suka san fata da tafin hannu. Kyautuwa ya yi a haɗa su da matasa tun suna da ƙarfin koyarwa.