Daga Zaure Zuwa Cikin Gida: Matasan Minanata da Yaren PHP a Kan Waya

 A shirinmu na yau ba za mu yi nisa ba, muna nan Minanata a cikin garin Sakkwato, kuma zancenmu zai fara ne daga bakin wata ƙofa da nake zama bayan sallar isha'i.

A watan da ya gabata ɗan ƙanwata ya same ni a nan, waya a hannu, fuska a murtuke. Ya gama sakandare, yana koyon gina shafukan intanet da kansa, kuma ba shi da kwamfuta. Duk abin da yake yi a kan wayar yake yi, cikin wani edita, wato allon rubuta kod, da ake buɗewa a burauza ba sai an sauke komai ba. Ya tsara fom na rajistar ɗalibai don makarantar Islamiyyar unguwarsu: gurbin suna, gurbin aji, gurbin lambar mahaifi, da koren maɓalli mai cewa "Aika". Abin gwanin sha'awa. Ya miƙo min ya ce, "Kawu, duba, abin ga ya ƙiya." Na rubuta suna, na danna. Ba abin da ya tafi ko'ina. Sai wasu haruffa da alamomin dala suka watsu a allon, kamar an zubar da tsaba.

Yaron bai yi kuskure ba. Editan da yake amfani da shi ne bai san yaren da ya rubuta ba.

Bari in kwatanta muku da gida irin namu. Baƙo ya zo, ya yi sallama, an shimfiɗa masa tabarma a zaure. Duk abin da idonsa ke gani, zauren ne. Amma tuwon da za a kawo masa a cikin gida ake tuƙa shi, yaro ne ke shiga da saƙo ya fito da akushi. To burauzar da ke cikin wayarka ita ce zaure, kuma yaruka uku take ji: HTML mai tsara ginin shafi, CSS mai yi masa ado, da JavaScript mai sa shi motsi. Cikin gida kuwa shi ne sabar, wadda wasu ke kira uwar garke, kwamfutar da ke can nesa tana ajiye sunaye, tana duba kalmar sirri, tana lissafi. A can ake magana da yaruka irin su PHP. Ɗan ƙanwata ya yi yaren cikin gida a zaure, shi ya sa ba wanda ya amsa masa.

PHP ba baƙo ba ne gare ku, ko da ba ku san sunansa ba. Wani ɗan ƙasar Danmak mai suna Rasmus Lerdorf ne ya fito da shi a 1995. Da shi aka gina manhajar da Wikipedia ke tafiya a kai, har da ta Hausa. Da shi aka fara Facebook a 2004. Da shi kuma aka rubuta WordPress, wanda ya fito a 2003, wanda yau sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya ke kansa. Matashin da ya iya PHP a Sakkwato zai iya gina wa makaranta wurin duba sakamako, ya gina wa ɗan kasuwa littafin bashi da ba ya ɓacewa. A nan abincin yake.

To me ake nufi idan aka ce an koya wa edita wannan yare? Mutane kan ɗauka abu ɗaya ne, alhali hawa-hawa ne.

Hawan farko shi ne launi. Editan ya gane wannan kalmar umarni ce ya ba ta launinta, wannan kuma zance ne ya ba shi nasa. A wasu yaruka wannan ba shi da wuya. A PHP kuwa akwai aiki, domin fayil ɗaya kan ɗauki yaruka huɗu a cakuɗe. Ana cikin HTML sai a buga wata alama mai ɗauke da alamar tambaya da haruffan p, h, p, nan take an shiga PHP. A rufe, a koma HTML, can ƙasa a faɗa JavaScript. Kamar mai wa'azi ne da ke jan aya da Larabci, ya fassara da Hausa, ya juya ga wani dattijo da Fulatanci, duk a numfashi ɗaya. Dole editan ya san daidai inda kowane yare ya fara da inda ya tsaya, kuma ya sake wannan lissafi duk lokacin da ka ƙara harafi guda. CodeMirror, editan da Marijn Haverbeke ɗan ƙasar Holan ya fara a 2007, yana yin haka ne ta hanyar ɗora mai karanta wani yare a cikin mai karanta wani.

Hawa na biyu shi ne fahimta: editan ya ja maka jan layi ya ce ka manta waƙafi mai ruwa a ƙarshen wancan layi, ko ya cika maka sunan umarni tun kana rabinsa. Wanda ya taɓa kwana yana neman alama ɗaya da ta ɓace ya san darajar wannan. A 2016 kamfanin Microsoft, tare da wasu, ya fito da wata ƙa'ida ta yadda edita zai riƙa tambayar wata manhaja daban da ta ƙware a yaren, ita kuma ta riƙa ba shi amsa. Tun daga nan ba sai kowane edita ya koyi kowane yare daga tushe ba.

Amma duk wannan bai warware matsalar ɗan ƙanwata ba. Launi ya yi kyau, jan layi ya taimaka, fom ɗin dai bai tafi ba. Abin da yake bukata shi ne hawa na uku, wato a gudanar da abin da ya rubuta ya ga sakamako.

A nan hanya ta rabu biyu. Ta farko ita ce masu editan su ara maka ɗaki a sabar tasu. Haka Replit ke yi, wanda Amjad Masad, haifaffen ƙasar Jodan, ya kafa da abokan aikinsa a 2016. Ka rubuta a wayarka, a kai can a gudanar, a dawo maka da amsa. Sai dai buɗe wa kowa ƙofa ya gudanar da abin da ya ga dama a kwamfutarka ba wasa ba ne. Dole a killace kowane mutum a nasa ɗaki, a ƙayyade masa lokaci da ƙarfi, kuma duk wannan kuɗi ne. Kamfanin Heroku, mai ba da irin wannan ɗaki a sabarsa, ya rufe tsarinsa na kyauta a watan Nuwamba na 2022, ya ce zamba da cin zarafin tsarin sun yi yawa. Ga mu kuma a nan akwai wani ciwon: data ta ƙare, ko layi ya yi rauni, darasi ya tsaya cak.

Hanya ta biyu ita ce ta fi faranta min rai, kuma ita ce dalilin wannan shiri. Tun 2017 manyan burauzoji suka karɓi wata fasaha mai suna WebAssembly, wadda ke ba da damar gudanar da manhajoji masu nauyi a cikin burauza. A 2022 wani injiniya ɗan ƙasar Polan, Adam Zieliński, ya fito da WordPress Playground, inda injin PHP ɗungurungum yake aiki a cikin burauzar kanta. An ɗauko murhu an kawo zaure ke nan. Kod ɗinka ba ya zuwa ko'ina, wayarka ce ke dafawa, ita ce ke ci.

Ba zan ɓoye muku gazawar WordPress Playground ba. Buɗewar farko tana cin data, kuma ƙaramar waya takan yi nishi. Rumbun bayanan da yake amfani da shi SQLite ne, ba MySQL da aka saba amfani da shi a sabar ba. Idan ka rufe shafin ba ka adana aikinka ba, yana iya tafiya. Kuma wurin gwaji ne, ba shafin da iyayen yara za su shiga daga gidajensu ba. Amma ga mai koyo, ya wadatar.

Akwai wani abu da ke min zafi. Editan Monaco, wanda ke cikin VS Code da manyan injiniyoyi ke yabo, masu shi da kansu sun ce ba a yi shi don burauzar waya ba. CodeMirror na 6 da ya fito a 2022 shi ne aka gina da tunanin allon taɓawa, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa Replit ya koma kansa. Wanda ke da kwamfuta da wuta dare da rana ba zai ga girman wannan bambanci ba. Yaron da ke cajin waya a shagon bakin titi, yana rubutu da babban yatsa cikin zafin watan Afrilu na Sakkwato, shi ya san shi.

Ɗan ƙanwata ya samu editan da ke gudanar da PHP a burauza. Daren da fom ɗinsa ya fara karɓar suna ya dawo masa da "An yi rajista", sai da ya rubuta sunayen 'yan gidansu kaf, har da jaririyar da ba a yaye ba.

Kirana ga malaman kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da Jami'ar Jihar Sakkwato, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi: kafin ku zaɓi editan da za ku koyar da shi, ku gwada shi a kan irin wayar da ɗalibanku ke riƙe da ita. CodeMirror da PHP duka a buɗe suke, kyauta, kuma ɗalibin shekarar ƙarshe zai iya haɗa su ya yi wa ƙannensa edita mai bayani da Hausa. Ku kuma matasan Minanata, duk wanda ya tsaya a HTML don ba shi da kwamfuta, ya ɗauko wayarsa ya ci gaba.