Shin Ko Kun San? Kunne Ke Zaɓar "A" Ko "An"

Shin ko kun san wanda ya gama difloma a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, in zai rubuta takardar neman aiki da Turanci "an ND" zai sa, ba "a ND" ba? A ido N baƙi ne, amma da ka furta shi "en" za ka ji, wasali ne a gaba. Haka "an HND" da "an hour". Sai ga "a university", don "yu" ke fara fita daga baki. Wannan kuskure yana damuna ƙwarai, domin yara masu ƙoƙari ne ke faɗawa cikinsa. Tun firamare aka sa su haddace wasulan nan biyar, ba a ce musu su kasa kunne ba.

Kun san "a" da "an" tushensu guda ne, tsohuwar kalmar Ingilishi mai nufin "ɗaya"? Shi ya sa ba sa zama gaban abin da ba a ƙirgawa. Ku dubi mai awo a kasuwar Shinkafi: ba ya ƙirga ƙwayar shinkafa, tiya yake cikawa ya juye a buhu. To, Turanci ma "a bag of rice" yake cewa, ba "a rice" ba. "Advice", "information" da "furniture" duk sahun shinkafa suke. Mu da muka saba cewa "shawarwari", sai hannu ya zarce ya rubuta "advices", mai duba takardar WAEC ya ja masa jan biro. "Advise" kuwa aikatau ne.

Abin da na fi so ɗalibi ya riƙe shi ne, aikin "the" yana cikin bakinsa tun yana goye. "Na sayi mota" daban, "na sayi motar" daban. Wannan ɗan "r" ko "n" na ƙarshe shi ke nuna abin da mu duka muka sani. Yaro ya tafi makaranta karatu: "gone to school". Babansa ya je makarantar ganin malami: "went to the school".

Sunan gari galibi ba ya ɗaukar "the", Zurmi Zurmi ce kawai. Kogi kuwa yana ɗauka. In ka ji "the Niger" a darasin labarin ƙasa, kogin Neja ake nufi. Maƙwabciyarmu ta arewa, a maganar yau da kullum, "Niger" ce zalla.