Taimakon Jama'a Ma Sai da Ilimi

Idan yaro ya gama sakandare ya ce likita ko lauya yake son zama, ba mai neman ƙarin bayani. Amma da zai ce aikin jin daɗin jama'a zai karanta, wato kwas ɗin da ke ɗauke da sunan Social Work a littafin JAMB, abin da zai fara ji a gida shi ne, "Yanzu taimakon mutane ma sai an je jami'a?" Ba laifin masu tambayar ba ne. Mun tashi mun tarar da zakka da sadaka da zumunci, mun ga mai unguwa yana sasanta ma'aurata, mun ga baffa ya kwashe marayun ɗan'uwansa ya riƙe. Sai dai akwai matsalolin da tausayi kaɗai ba ya warware su, wani lokaci ma ƙara cakuɗa su yake yi.

A ɗauki matar da aka yi wa aikin yoyon fitsari a asibiti irin na Babbar Ruga da ke Katsina. Likita ya yi ɗinki, rauni ya warke, an sallame ta. To ina za ta nufa? Mai yiwuwa miji ya daɗe da sakinta, dangi sun gaji, ba ta da sana'a, ga kuma sharaɗin da aka gindaya mata cewa duk ranar da ta sake samun ciki a asibiti za ta haihu. Dole a sami wanda zai zauna da ita ya ji abin da take so, ya je ya fahimtar da iyayenta, ya nema mata wurin koyon sana'a, bayan watanni kuma ya koma ya ga yadda ta kasance. Haka yaro ɗan shekara 14 da aka kama da satar waya. Kafin alƙali ya yanke shawarar tura shi gidan gyaran hali ko mayar da shi hannun iyaye, yana buƙatar rahoton wanda ya je gidansu ya ga yadda ake zaune. Wannan zirga-zirga tsakanin asibiti da gida da kotu ita ce aikin ma'aikacin jin daɗin jama'a.

Sana'ar ta samo asali ne daga biranen Ingila da Amurka, lokacin da masana'antu suka tara talakawa a unguwanni masu cunkoso. A 1895 asibitin Royal Free na Landan ya ɗauki Mary Stewart don ta riƙa bincika halin da marasa lafiya ke ciki a gidajensu. A 1917 Mary Richmond ta Amurka ta wallafa littafin da ya tsara yadda ake tattara bayani a kan iyali kafin a ce ga maganin matsalarsu. A Nijeriya kuwa, yawaitar yara masu gararamba a Legas lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ne ya sa Turawan mulki suka kafa ofishin jin daɗin jama'a, suka kuma yi dokar yara da matasa ta 1943. An kafa ƙungiyar ma'aikatan wannan fanni ta ƙasa a 1975, sannan a ƙarshen 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar kafa majalisar da za ta riƙa yi musu rajista da sa ido kan aikinsu.

Digirin na ɗaukar shekara huɗu ga wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB, uku ga mai difloma ko NCE da ya sami shiga aji biyu kai tsaye. Ana neman kiredit biyar a WAEC ko NECO, galibi har da Turanci da lissafi. A shekarun farko ɗalibi zai karanta ilimin zamantakewa da na halayyar ɗan Adam, ya san yadda tunanin mutum da buƙatunsa ke sauyawa daga yarinta zuwa tsufa. Daga nan sai a shiga hanyoyin aikin guda uku: aiki da mutum ɗaya ko iyali ɗaya, aiki da rukunin mutane masu matsala iri guda, kamar matasan da ke ƙoƙarin barin shaye-shaye, da kuma aiki da unguwa ko ƙauye baki ɗaya. Akwai dabarun bincike da ƙididdiga, domin wanda zai nemi gwamnati ta ware kuɗi sai da alƙaluma a hannunsa.

Akwai kuma doka, wadda ɗalibai da yawa ba sa zaton za su gamu da ita. Ma'aikacin da bai san dokar haƙƙin yara ta 2003 ba, ko dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, ko ta hana nuna wa naƙasassu bambanci da aka sa wa hannu a 2019, ko sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ba zai iya tsaya wa kowa a gaban hukuma ba. Ga mai aiki a Arewa, wajibi ne ya haɗa da sanin hukunce-hukuncen Musulunci kan riƙon yara bayan saki da ciyarwa da gado, tunda a kotunan shari'a ake yanke yawancin waɗannan.

Abin da ya fi bambanta wannan kwas da ɗan'uwansa ilimin zamantakewa shi ne fita aiki. Akan tura ɗalibi asibitin koyarwa ko na masu taɓin hankali, gidan marayu, gidan gyaran hali ko ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma, ya yi makonni ƙarƙashin wani ƙwararre. A nan yake koyon abin da allo ba ya koyarwa. Yana koyon yin shiru ya bar mai damuwa ya kai ƙarshen maganarsa. Yana koyon rubuta abin da ya gani daban da abin da yake zato. Yana koyon riƙe sirri, ko da mai tambayar mahaifiyarsa ce kuma maganar ta 'yar maƙwabta ce, tare da sanin inda sirri ke ƙarewa, wato inda rai ko lafiyar yaro ke cikin haɗari. Mafi wuya duka, yana koyon daina yanke wa mutane shawara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Matar da ke shan duka a gidan miji ba umarni take buƙata ba, a ce mata fita ko a ce mata yi haƙuri. Tana buƙatar wanda zai shimfiɗa mata hanyoyin da ke gabanta da abin da kowace za ta haifar, ya tabbatar tana da wurin fakewa, sannan ya tsaya mata a kan wadda ta zaɓa.

Wuraren aiki sun haɗa da asibitoci, ma'aikatun mata da jin daɗin jama'a, hukumar gidajen gyaran hali, NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane, NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, da ƙungiyoyin agaji da ke sansanonin 'yan gudun hijira a Arewa maso Gabas. Buƙatar kuwa ba ƙarama ba ce. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 da ke ta'ammali da ƙwaya a Nijeriya. Kamu da ɗauri ba za su ishi wannan adadi ba.

Duk da haka, kada a ruɗi kowa. Albashin gwamnati a wannan fanni ba mai yawa ba ne, aikin ƙungiyoyin agaji kuma na kwantiragi ne da kan ƙare idan tallafi ya tsaya. Ga nauyin zuciya, don mutum kan wuni yana sauraren labarin fyaɗe da yunwa da yaran da aka yar. Wanda bai iya ajiye damuwar ofis a ofis ba, ba ya daɗewa.

Yawancin jami'o'in da suka yi suna a kwas ɗin a Kudu suke, irin su Nsukka da Benin da Legas da Kalaba, sai Ilorin da Lafiya a tsakiya, yayin da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta daɗe tana ba da difloma a fannin ci gaban al'umma. Nan ne giɓinmu yake. Yarinyar da aka ci zarafinta ba za ta buɗe cikinta ta bakin tafinta ba, kuma akwai gidajen da namiji ba ya wuce zaure. Muna buƙatar 'ya'yanmu, musamman mata, masu jin harshen da sanin al'adar, su kuma riƙe takardar da kotu da asibiti za su saurara. Duk ɗalibin da ke da sha'awa, kafin ya cike fom, ya nemi izini ya wuni a ofishin jin daɗin jama'a na asibitin da ke kusa da shi. Idan ya fito yana jin zai iya komawa gobe, to iyaye su sa masa albarka ya tafi ya karanta.