Idan Bature ya ce a fasa ƙanƙara

Mu da muka taso a Yalwan Damai da kewayen Birnin Kudu da Gwaram, ƙanƙarar da muka sani ita ce ta cikin kular mai zoɓo. To sai ga jimla a takardar Turanci ta WAEC ko NECO: "The teacher told a joke to break the ice." A ƙasa an jera amsoshi, ɗaya tana maganar ƙanƙara, kuma ita ce tarkon. Abin da ake nufi shi ne malam ya yi barkwanci don ya kawar da ɗari-ɗari tsakanin mutanen da ba su saba da juna ba, hira ta kankama. Maki ɗaya ne, amma da irinsa ake rasa kiredit a Turanci, kuma babu shiga jami'a sai da shi.

Mu ma haka muke yi. Idan muka ce an kafa ɗan ba, ko an share fage, ai babu mai neman tsintsiya.

Wadda ta fi yaudarar 'ya'yan manoma ita ce "break new ground". Kunne zai ji kamar saran sabuwar gona, alhali ana nufin yin abin da ba a taɓa yi ba, kamar likitan da ya gano sabon magani. Haka "turn over a new leaf": wannan "leaf" ɗin ba ganyen kuka ba ne, shafin littafi ne. Ɗalibin da ya daina fashin makaranta ya buɗe sabon shafi ke nan.

"Start from scratch" daga fagen tsere ta fito, daga layin da ake ja a ƙasa inda masu gudu ke tashi. Wanda gobara ta cinye masa shago, ya koma yana tara jari daga tushe, shi ake gaya wa haka. "Get the ball rolling" kuwa a fara aiki ne kawai, ko babu ƙwallo a wurin.

Wajen rubutu, aikatau kaɗai ke sauyawa: "she broke the ice", "we got the ball rolling". Kada mu ce "break the snow", mai maki zai ja jan biro. A wasiƙar aboki ko labari suna ƙara armashi, amma a wasiƙar neman aiki ko ta zuwa ga shugaban makaranta, "begin" ta ishe mu.